Amsa: Ɗan haya yana son kiwon kyanwa, tattabaru da kare

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce wanda zai kama gidanka yana da kyanwa da tattabaru, kuma yana son ya kawo kare don gadi, kana tambaya ko ka yarda.

Kyanwa dai ka bar masa. Ba najasa ba ce, kuma za ta rage maka ɓeraye, waɗanda su ne ke cinye wayar wuta a cikin silin.

Tattabaru ne mutane ke rainawa, alhali ɓarnarsu ta fi yawa. Kashinsu yana taruwa a kan kwano ya jawo tsatsa, ya toshe indararo, da damina ta sauka sai ruwa ya koma cikin bango. In za ka yarda, a gina musu akurki a ƙasa, nesa da rufi da tankin ruwa, kuma a ƙayyade yawansu, domin suna saurin hayayyafa.

Kare kuwa ya danganta da gidan. In ɗan hayan shi kaɗai ne a ciki kuma akwai katanga, babu laifi, amma ya nuna maka katin allurar rigakafin haukan kare daga likitan dabbobi, ya riƙa sabuntawa duk shekara. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. In akwai wasu 'yan haya da yara a tsakar gida ɗaya, ni ban ba ka shawara ba.

Ku rubuta komai a takardar haya gaban shaidu biyu, har da wanda zai biya gyara ranar tashi.