Hazo a gilashin leƙe na kyamara

Malam, ka ce da ka fito da kyamara waje sai gilashin da kake leƙawa ya yi hazo. Raɓa ce kawai, gilashi mai sanyi ya gamu da iska mai ɗumi da laima. Da damina abin ya fi yawa, balle in daga mota mai iyakwandishan ka fito.

Kafin ka fita, ɗaure kyamarar a leda, ka bar ta a waje kamar minti 20 kafin ka kwance. Ka kuma jefa 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima a jakarta, irin na kwalin sabon takalmi.

In safiyar hunturu ce, numfashinka ne. Riƙe shi lokacin ɗauka, ko ka duba ta allon baya. Don Allah kar ka goge da bakin riga, ƙura tana karce gilashi.