Ɗan uwa kar ka saki cikon kuɗin nan tukuna

Salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa. Ka ce mai kayan naka na Chana ya turo samfur ya yi kyau, ka biya kashi 30 na kafin alƙalami, yanzu ya ce an gama haɗawa ka turo ragowar kashi 70 a loda, kuma ya ba ka wani akawun daban da na farko wai na kamfaninsu ya samu matsala da banki. To ka dakata. Kar ka tura ko kwabo sai ka karanta abin da zan faɗa maka har ƙarshe.

Maganar canjin akawun ɗin nan ita kaɗai ta isa ta hana mutum barci. Sau da yawa ma ba shi kake magana da shi ba, ɓarayi ne suke kutsawa cikin imel ɗin kamfani su zauna shiru suna karanta hirarku, sai lokacin biyan ciko ya yi su turo nasu akawun da adireshin imel mai kama da na asali, harafi ɗaya kawai za su canza. Wani lokacin kuma yaron da ke kula da odarka ne yake son ya karkatar da kuɗin aljihunsa. Ka kira mai kayan ta bidiyo a lambar da kuka saba tun farko, ban da wadda ta zo cikin sabon saƙon, ya nuna maka fuskarsa da ofishin. Sunan da ke kan akawun dole ya zama shi ne sunan da ke kan lasisin kamfani da takardar yarjejeniyarku. Sunan mutum ɗaya ko Western Union, a'a, ko da zai yi rantsuwa da kakanninsa.

Amma ni abin da ya ƙona ni ba satar kuɗi ba ne kai tsaye, kaya sun zo, kuma da ma ba su zo ba. Fitilun sola ne. Samfurin da mai kayan nawa ya turo in ka ɗauka za ka ji nauyi a hannu, in ya sha rana sai ya kai asuba yana ci. Kullum sai ya gaishe ni a WeChat, manhajar hira ta Chana, ɗan uwana kaza ɗan uwana kaza, har hoton ɗansa ya turo min ranar da ya fara makaranta, ka ji fa. Da aka gama ya turo hotunan kwalaye jere reras da sunan shagona a jiki, ya karɓi cikonsa. Kaya suka iso na raba wa masu sarina, ba a jima ba waya ta fara ruri, wannan ya ce tasa awa ɗaya ta mutu, wancan ya ce tasa ko kamawa ba ta yi ba. Na sa sukudireba na kwance guda. Batirin ciki irin wanda ake kira 18650 ne an rubuta masa 9,900 mAh ɓaro-ɓaro, wato yawan cajin da yake ɗauka, alhali irin wannan batirin na gaskiya ba ya wuce wajen 3,500, kuma nauyinsa kusan giram 45 ne. Wannan ina ɗagawa na ji shi sakayau kamar kara. Na fasa shi, wani ɗan mitsitsin batir ne a ciki an cike sauran wurin da gari. Wayoyin kuwa siririya ce in ka ja da yatsa biyu sai ta tsinke. Na kwance na biyu, na uku, na koma wani kwalin, duk kanwar ja ce, na zauna a kan kwalayen nan na rasa abin da ke min daɗi.

Wanda ya fi tsaya min a rai wani dattijo ne da ya daɗe yana sari a wurina, ya dawo da kwalinsa da kansa, bai ɗaga murya ba bai zage ni ba, ya ajiye ya ce ban zaci haka daga wurinka ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shi kuwa wancan azzalumin da na tura masa bidiyo cewa ya yi wai rana ce ba ta isa ba a wurinmu. Rana fa! Daga baya ya ce in ɗauki bidiyon kowace fitila ɗaya bayan ɗaya, na fara yi kamar mahaukaci, sai ya ce ai farashin da na matsa aka sauko shi ne ya jawo, amma zai min ragi a oda ta gaba. Wace oda ta gaba? Ƙarshe ya toshe ni. Na bar shi da Allah, amma har gobe ban yafe ba.

Shi ya sa nake ce maka kashi 70 ɗin nan da ke hannunka shi ne kaɗai ƙarfinka, ranar da ya fita ka zama mai roƙo. Samfur kowa ya iya yin mai kyau, wasu ma a wata masana'antar suke sayo shi. Kafin ka biya ka sa a je a buɗe kwalaye, gani ya kori ji. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, SGS da Intertek da Bureau Veritas da QIMA, mai duba kaya zai je ya zaɓi kwalayen da ya ga dama da hannunsa, ba wanda aka ajiye masa a bakin ƙofa ba. Suna aiki da wani ma'auni AQL da ke faɗin guda nawa za a zara da yawan masu aibin da za a lamunta, misali in kayanka tsakanin 1,201 zuwa 3,200 ne za a zari 125 a gwada, a matakin 2.5 in masu babban aibi suka kai 8 kayan sun faɗi. Ka aika masa samfurin da ke hannunka ka sa hannu a jiki ya kwatanta, ya auna nauyi, ya kwance ciki. In mai kaya ya fara kame-kame da jin maganar dubawa, wai lokaci ya ƙure jirgi zai tashi, ka riga ka samu amsarka.

Sannan ban sani ba ko a Alibaba, kasuwar sari ta intanet, kuka haɗu. In a can ne, tsarinsu na kare kuɗin mai saye, Trade Assurance, ba ya kare ka sai in ta cikin odar ka biya, ka biya ta waje ko da a can kuka san juna ba ruwansu. Kuma abin da aka rubuta a odar shi ake dubawa in rigima ta tashi, in ka rubuta kaya masu inganci kawai ba ka ce komai ba, rubuta nauyi da kauri da irin kayan haɗi da yadda za a shirya kwali. Tambarin Gold Supplier da Alibaba ke sa wa masu kaya kuma kuɗin rajista ake biya a samu, kar ya ruɗe ka. Ni abin da ke ba ni haushi masu ɗora hoton kwantena suna karɓar kuɗin mutane wai za su koya musu shigo da kaya cikin sati ɗaya, ba mai gaya maka wannan, sai dai nemo mai araha nemo mai araha, araha kuwa ba ta ado.

Ka ce ya turo hoton lasisinsu, akwai lamba mai gurbi 18 a jiki, a sa ta a shafin rajistar kamfanoni na gwamnatinsu, GSXT, ka samu mai jin yaren ya karanta maka ko masana'anta ce ko dillalai ne kawai. Dillali ba laifi ba ne, akwai na kirki, amma ka san da wa kake ciniki. Kuma ka lura da sabuwar shekararsu da ke faɗawa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, aikin da aka yi dab da hutun nan cikin gaggawa ake yin sa.

Ba ka faɗi irin kayan ba. In akwai batirin litiyam a ciki ka nemi takardar gwajin UN38.3 tun yanzu, masu jirgi ba sa ɗauka sai da ita. Ka gaya mana wane kaya ne da sunan da ke kan sabon akawun ɗin, na mutum ne ko na kamfani, sai mu san ta inda za a ɓullo. Allah ya tsare maka dukiyarka.