Na gyara hoton kakana, mahaifiyata ta ce ba shi ba ne: ina na kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Gadarif. Kakana na wajen uwa ya haura shekara 80, Bagobiri ne, mahaifinsa ya zo Sudan da ƙafa a kan hanyar hajji ya zauna. Kawuna da ke Jidda ya nemi hotonsa. Na ɗauke shi da waya a tsakar gida bayan azahar, yana sanye da farar jallabiya da rawani. Fuskar ta fito da duhu, sai na haskaka ta na goge tamojin da manhaja. Da mahaifiyata ta gani ta ce, "Wannan ba Baba ba ne." Wani abokina kuma ya ce in mayar da hoton baƙi da fari in ƙara fito da tamojin, wai haka ƙwararru ke yi. Ga hotunan biyu na turo, na asali da gyararren. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara wa tsoho lafiya. Na duba hotunan, kuma mahaifiyarka ta yi gaskiya. Shawarar abokinka ma ba ta kama hanya ba, zan zo kanta.

Bari in fara da abin da ka yi daidai. Ka kama shi yana kallonka da sakin fuska, kallon da kaka ke yi wa jika, ba wanda ake yi wa baƙo mai kyamara ba. Wannan ba ya sayuwa, mu da muke sana'ar muna iya yini ba mu same shi ba. Matsalar tana ga haske, kuma tun ran gini tun ran zane: rabin abin da ka yi ta fama da shi a manhaja tun a tsakar gidan ya lalace.

Kyamara, ta waya ko babba, tana auna hasken da ke gabanta ne da zaton komai ruwan toka ne matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Farar jallabiya da farin rawani a rana suna mayar da haske ninkin wannan sau da yawa. Sai kyamara ta ga abu ya yi yawa ta rage, kayan su fito daidai, baƙar fata kuma ta nutse. Ƙari a kan haka, rana tana tsaka, rawanin ya zame masa laima, idanun suka faɗa cikin inuwa. Duk mai ɗaukar hoto a ƙasar nan ya san wannan, domin fararen kaya su ne tufafin dattawanmu. Tsohuwar matsala ce: tun a shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jikinsa, an jima kafin masu ƙera kayan hoto su kula da fata irin tamu.

Maganin yana da sauƙi. Ka zaunar da shi a bakin rakuba ko ƙofar ɗaki, jikinsa duka a inuwa, fuskarsa na kallon sarari. Da hantsi ko la'asar sakaliya ya fi. Ka sa wani yaro ya riƙe farin zane a gefen da ya fi duhu, daga ƙasa kaɗan, zai mayar da haske cikin idanun. Sannan ka taɓa fuskar a allon waya, ka ɗan ja alamar rana sama har fatar ta yi kamar yadda idonka ke ganinta. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a farfajiyar gida, kuma har yau ana koyon sana'a daga gare su.

Ka kuma matsa kusa da yawa, kana tsaye shi yana zaune a kan angarib, gadon igiya. Babban idon kyamarar waya mai ɗaukar fili da faɗi ne, in ka kusanto sai hanci ya kumbura kunnuwa su ja baya. Ka ja baya kamar taku uku, ka danna 2x ko 3x in wayarka na da shi. Ka durƙusa har idon wayar ya yi daidai da nasa. Ladabi ne, kuma shi ne hoto mai kyau, don wanda aka ɗauka daga sama ƙanƙancewa yake yi. Ka kashe wancan salon da ke dusashe bayan mutum, ga shi ya cinye gefen gemun da jelar rawanin.

Yanzu ga gyaran da ka yi. Na buɗe shi na ƙara girma, na nemi tsagensa na rasa. A hoton asali ana ganin layukan sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa wajen kunne, irin na Gobirawa. A gyararren babu ko ɗaya, kumatun sun yi sumul kamar na ɗan shekara talatin. Tabon sujada da ke goshinsa ya tafi. Farin zoben da ya kewaye baƙin idonsa, wanda yawancin tsofaffi ke da shi, an share shi, an ba shi idon wani. Launin fatar ma ya koma toka-toka. Garin gyaran gira ka rasa ido.

Manhajar ba ta san tsage ba. A wurinta duk layin da ke fuska aibi ne. Manhajojin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira sun fi haɗari, domin ba gyara suke yi ba, sabuwar fuska suke zanawa daga dubban fuskokin da aka koyar da su, su cike inda ba su gane ba da ƙiyasi. Shi ya sa mahaifiyarka ta ga mutum mai kama da babanta amma ba shi ba. Ita shekara da shekaru take karanta fuskar nan.

Ka tsaya ka yi tunani a kan tsagen nan. Wanzami ne ya yi shi yana jariri, a ƙasar da ba ta kakanninsa ba, don kada a manta daga ina aka fito. Mutanenmu da suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye a Gadarif da Kassala da Wad Madani, da yawansu ba su bar takarda ko ɗaya ba. Abin da suka bari yana kan fuskokin 'ya'yansu. Maƙwabtanmu Larabawa ma suna da nasu, shuluk, kuma kamar namu an kusa daina yi. Ni kaina ban ce a ci gaba da yi wa yara ba. Amma waɗanda ke ɗauke da shi yanzu su ne na ƙarshe, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gidaje nawa suka bar akwatunan hotunansu suka gudu? Hoton da ka ɗauka yana iya zama shi kaɗai jikokinka za su gani.

Ina da ƙa'ida ɗaya da nake bi wajen gyaran fuskar tsoho. Nakan tambayi kaina: abin nan zai kai mako biyu a fuskarsa? In ba zai kai ba, ina cirewa. Ƙurji, kwantsa, yankan aska na jiya, ƙudan da ya sauka a kafaɗa, ƙyallin zufa a goshi, zaren da ya maƙale a gemu. In kuwa shekaru ne suka ajiye shi, ba na taɓawa: tsage, tabon sujada, tawadar Allah, furfura, giɓi, jan goro a haƙora, lallen gemu. Na koyi wannan ne tun muna gyara da fensir a jikin fim. Wata mata ta dawo mini da hoton mahaifinta bayan ya rasu, saboda na cike wani tabo a girarsa. Ta ce a gona ya same shi ranar da aka haife ta, kullum sai ya ba ta labarin. Fim ɗin kuwa na riga na taɓa shi, babu yadda zan mayar. Ban sake ba.

Tamoji shi ne ke tsakiya. Ba a gogewa, amma ana iya sassauta shi in haske ne ya zurfafa shi fiye da yadda yake a ido. Kyamara takan ƙara wa mutum shekaru, musamman in hasken ya zo daga gefe ko daga sama. Abin da ake yi shi ne a ɗan haskaka cikin layin, a bar layin a wurinsa. A manhajar Lightroom akwai ma'aunin laushin fata da aka ƙara a 2019, ni ba na wuce 10 zuwa 15 ƙasa da sifili, kuma a fata kaɗai nake shafa shi, ban da ido da gira da gemu. Manhajar Snapseed kyauta ce, tana da burushin haske da duhu da zai yi maka wannan aikin. Ban kawo sunayen maɓallan ba don ban san ko wayarka da Larabci take ko Turanci ba, amma za ka gane su da aikinsu.

Ga yadda zan bi da hoton asalin da ka turo. Zan ajiye kwafi tukuna. Zan yanke gefen hagu inda bokiti da igiyar shanya suka shigo. Zan rage ƙarfin fari har lanƙwasar rawanin ta dawo, sannan in zaɓi fuskar kaɗai in ƙara mata haske kaɗan-kaɗan, ina tsayawa da zarar ta fara yin toka. Ba farin fata ake nema ba, a ga fuskar ake so. Wajen launi ka yi hattara: mutane kan daidaita shi da farar riga, alhali rigar an sa mata bula a wanki, in ka tilasta ta zama fari tas sai fatar ta koma rawaya. Ka duba bayan hannunsa da idonka ka kwatanta. Idanun zan ɗan buɗe inuwarsu, ba zan faranta su ba, farin idon tsoho ba ya zama kamar madara.

Maganar abokinka kuwa, na san irin hotunan da yake nufi. Tsoho baƙi ƙirin, kowane layi an zurfafa shi kamar bawon kuka, idanu na ƙyalli. Suna burge baƙo, suna cin gasa. Amma wahala suke nunawa, ba mutum ba, kuma ƙarya ce daidai da wadda ka yi, ta ɗaya gefen. Kakanka ba alamar talauci ba ne, mai gida ne da ya aurar da 'ya'ya ya ga jikoki. Baƙi da fari a kansa ba laifi ba ne, yana da kwarjini, sai dai a nan za ka yi asarar jan lallen gemunsa, kuma ni ba zan yarda in rasa shi ba.

Da kake shirin turawa Jidda, kada ka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, tsagen da ka tsare zai dushe. Ka tura a matsayin fayil. In kawunka zai wanke shi a girman santimita 20 da 30, yana buƙatar kusan ɗigo 2400 da 3500, wayar megafiksel 12 ta isa in ba ka yanke da yawa ba. Ya fara wanke ƙarami ya gani, domin takarda takan fi allo duhu. Takarda marar ƙyalli ta fi dacewa da baƙar fata. Kuma kafin hoton ya hau Facebook ka nemi izinin tsohon. Wasu dattawan sun yarda a ɗauke su don iyali kawai, wasu ma ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, wannan haƙƙinsu ne.

Hoton asalin zai gyaru, amma da ni ne sai in sake ɗauka. Ka je ranar Juma'a da hantsi, bayan ya yi wanka ya naɗa rawani kafin ya fita masallaci. Ka bar masa carbinsa a hannu, ka ɗauki hannuwan ma su kaɗai. Ka tambaye shi labarin tafiyar mahaifinsa, ka riƙa ɗauka yana magana, ka ɗauki da yawa don hannu da kan tsoho sukan yi rawa. In kakarka tana raye, ka ba ƙanwarka wayar ta ɗauke ta bayan ta gyara tob ɗinta, wato mayafinta, yadda take so. Wanda ka zaɓa ka nuna wa mahaifiyarka kafin kowa, sannan ka turo mini in gani.