Sayen harsashi bisa doka a Kalifoniya

Malam, ka tambaya ko za ka iya sayen harsashin bindigar farauta ta intanet tunda ka koma jihar Kalifoniya a Amurka. Za ka iya yin oda, amma ba za a kawo maka gida ba. Sai an aika wa dillali mai lasisi, ka je da kanka, a binciki bayananka kafin ya miƙa maka. Tun Yulin 2019 ake wannan bincike.

Idan bindigarka tana cikin rajistar Ma'aikatar Shari'a ta jihar da sunanka da adireshinka na yanzu, binciken ba ya daɗewa. Matsalar da ta fi kama mutane ita ce sauya gida ba tare da gyara adireshi ba, sai a ƙi su. Wanda ba shi da bindiga a rajista zai biya dala 19, kuma yana iya jiran kwanaki. Tafi da lasisin tuƙi na REAL ID, wato wanda ya cika ƙa'idar gwamnatin tarayya, in naka ba irinsa ba ne, haɗa shi da fasfon Amurka ko katin zama na dindindin.

Don Allah kada ka sayo a Nevada, jihar da ke maƙwabtaka, ka shigo da shi a mota, laifi ne ga mazaunin Kalifoniya. In kuwa bizar karatu ko ta ziyara gare ka, dokar tarayya ta hana ka riƙe harsashi sai da wani dalili kamar lasisin farauta, don haka ka ga lauya tukuna.