Ta yaya sauti ke bin kebul ɗin kwamfuta ba tare da ya makara ba?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kayan sauti a wani babban zauren taro. Ana ta ba mu shawara mu ajiye ƙatuwar igiyar nan mai wayoyi 32 da muke shimfiɗawa daga dandamali zuwa miksa, wai kebul ɗin kwamfuta guda ɗaya zai ɗauke aikinta. Ni kuwa na san yadda murya ke yankewa a kiran intanet. Ba haka za ta yi mana a gaban jama'a ba?

Amsa: Fargabarka tana da dalili, sai dai hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Kiran intanet yana ratsa na'urorin kamfanoni barkatai waɗanda ba ka da iko da ko ɗaya. Abin da ake ba ku shawara a kai kuwa hanyar sadarwa ce ta cikin gida: kebul naku, suwic naku (akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori yana rarraba musu bayanai), ku kuke da ta cewa a kan abin da zai bi ta ciki.

Mu fara kawar da batun ko kebul ɗin zai iya ɗauka. A aikin ƙwararru, ana auna sautin makirufo sau 48,000 a kowace daƙiƙa, ana rubuta kowane awo da bit 24 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta, miliyan ɗaya nasa shi ne megabit). Ka ninka, za ka samu megabit 1.152 a daƙiƙa ga layi ɗaya. Layukanka 32 sun kama kusan megabit 37. Ko an ƙara adireshin da ke manne da kowane ƙunshin bayanai, ba ku ci kashi ɗaya cikin goma na layin gigabit, wato mai ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa, ba. Wuri dai akwai shi har da rara.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. An gina hanyar kwamfuta ne don saƙo ya isa cikakke, ko da ya ɗan makara. Idan ƙunshi ya ɓace a hanya, tsarin aika bayanai mai suna TCP zai sa a sake turo shi, mai karanta imel kuma ba zai ma sani ba. Sauti ba ya jira. Ƙunshin da ya iso bayan lokacinsa daidai yake da wanda bai zo ba, kunne zai ji ƙas a sifika. Shi ya sa ake tura sauti ta wani tsarin mai suna UDP, wanda ba ya waiwayen ƙunshin da ya ɓace, a ƙananan ƙunshi masu bin juna. Wanda aka fi sabawa da shi yana ɗauke da awo 48, wato sautin milisekan 1, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na'urar da ke karɓa tana ɗan tara su kafin ta saki, don ta shanye ɗan bambancin isowarsu. Wannan tarawar ita ce jinkirin da ake magana, kuma a ƙaramar hanya mai kyau milisekan 1 ya wadatar. Sauti a iska yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan milisekan 1 bai wuce ka matsa santimita 34 daga sifika ba. A kiran waya kuwa, har milisekan 150 ana ɗaukarsa jinkirin da ba ya dagula hira. Ka ga tazarar.

Sai agogo, wanda a ganina shi ne rabin ilimin. Kowace na'ura tana da nata agogon da ke ƙirga mata 48,000 ɗin nan, kuma babu biyu da suke tafiya daidai wa daida. A ce ɗaya ta fi ɗaya sauri da kashi 50 cikin miliyan, abin da ido ba zai taɓa gani ba. A kowace daƙiƙa za a samu giɓin awo 2.4, cikin daƙiƙa 20 ma'ajiyar awo 48 ta ƙare ko ta tumbatsa. Maganin shi ne tsarin daidaita agogo mai suna PTP, wanda ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fitar a ƙarƙashin lamba 1588 a 2002, ta sabunta shi a 2008. Na'urorin suna zaɓen jagora ɗaya a tsakaninsu, sauran su riƙa saita agogonsu da nasa, har bambancin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Idan sauti ya fara ƙas-ƙas, agogo nake fara dubawa kafin in taɓa kebul.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Cikin tsare-tsaren tura sauti ta kebul ɗin kwamfuta, CobraNet ya fito tun 1996, Livewire ya shiga gidajen rediyo a 2003, kamfanin Audinate na birnin Sidni a Ostireliya ya kawo Dante a 2006, Ravenna kuma ya biyo daga Jamus a 2010. Kowa da yarensa, har sai da ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fitar da ƙa'idar AES67 a 2013 don su fahimci juna. Amma kada ganin AES67 a jikin kwali ya ruɗe ka. Ƙa'idar ta daidaita siffar ƙunshi da agogo, ba ta tilasta hanya ɗaya da na'urori za su gano junansu ba, don haka haɗa kayan kamfanoni daban-daban yakan buƙaci saiti da hannu. Tunda farawa za ku yi, ku tsaya a tsari ɗaya.

Wajen saye, nemi suwic na gigabit wanda ake iya shiga a saita shi, ka ba saƙon agogo fifiko na farko, sauti na biyu, sauran kaya su bi baya. Akwai tsarin tsimin wuta mai suna EEE da ke sa ƙofofin suwic gyangyaɗi idan aiki ya lafa. Kashe shi, domin yana rikita agogo. Wi-Fi kuwa a bar shi ga kwamfutar hannu da kake sarrafa miksa da ita, sautin kansa ya bi waya. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 iyakarsa mita 100 tsakanin na'ura da suwic, in zauren ya fi haka sai a koma kebul mai aiki da haske.

Abu guda tsohuwar igiyarku ta fi: waya ɗaya in ta tsinke, makirufo ɗaya ne ya mutu. A nan kebul ɗaya in an taka shi ya fita, 32 ɗin ne za su yi shiru lokaci guda. Yawancin manyan na'urori suna da ƙofa ta biyu saboda haka. Ja mata nata kebul ta wata hanya daban, zuwa wani suwic daban, kuma ka zare na farkon da gangan ranar gwaji, kafin jama'a su shigo.