Black Panther na 2016: Ka Karanta Shi, Amma Ba Nan Labarin Ya Faro Ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da hantsi, na bari sai da na taso daga aiki na yi la'asar don in ba ka amsa a natse. Ka ce ka kalli fim ɗin Black Panther, sai ga wani ya nuna maka littafin zanensa na 2016 mai lamba 1 a bango, kana son sanin ko nan ne mafarin labarin, kuma ko ya cancanci ka kashe masa kuɗi da lokaci.

Ba nan ne mafari ba. T'Challa, wato shi Black Panther ɗin, sarkin Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira don labarin, ya fara bayyana tun 1966 a cikin littafin zane na Fantastic Four fitowa ta 52, ƙirƙirar Stan Lee da Jack Kirby, wato shekara 50 cif kafin wanda aka nuna maka. Al'adar kamfanin Marvel ce, in kasuwar littafi ta ja baya ko an kawo sabon marubuci, sai a rufe shi a sake buɗewa da lamba 1, domin lamba 1 ta fi shiga kasuwa. An yi wa Black Panther haka a 1998, an yi a 2005, an yi a 2016, an sake a 2018 da 2021 da 2023. Shi kansa na 2016 ɗin, daga fitowa ta 18 sai ka ga ya tsallaka zuwa 166, saboda sun koma sun haɗa lissafin tsofaffin. Kada lambar bango ta ruɗe ka, sunan marubuci da shekara za ka riƙa dubawa.

Ni a waya na fara karanta shi, shekarar da ya fito, kuma gaskiya ajiye shi na yi bayan fitowa ta biyu. Na zo da ƙishirwar faɗa irin ta jarumai, sai na tarar da mutane suna ta zance, ana ambaton masifun da ban san lokacin da suka faru ba. Sai bayan kusan shekara biyu wani ɗan'uwanmu da ke karatu a waje ya zo hutu da kundi uku da suka tattara fitowa 12 na farko, ya bar mini su. Lokacin hunturu ne. Bayan isha'i nakan zauna a zaure a nan Mabera, in ba wuta in kunna fitilar caji, in bi su shafi-shafi. Dare huɗu na yi. A nan na gane cewa ba a rubuta wanga labari don a riƙa gutsurarsa wata-wata ba. Sai an haɗa shi wuri ɗaya yake faɗawa.

Ga abin da ya kamata a gaya maka kafin ka buɗe, wanda ni ba a gaya mini ba. A littattafan da suka gabata, Wakanda da take alfaharin ba a taɓa cin ta da yaƙi ba ta sha kashi a jere. Doctor Doom ya kutsa cikinta saboda ƙarfen vibranium, Namor ya turo mata ambaliyar ruwa, sannan rundunar Thanos ta auka mata. Shuri, ƙanwar T'Challa, ita ke kan karaga a lokacin, kuma a wurin kare ƙasar ta faɗi, ta zauna ba a raye ba ba a mace ba. Da ka riƙe wannan, shafin farko zai yi maka ma'ana: sarki durƙushe a ƙasa da jini a goshi, a bakin mahaƙar vibranium, kuma talakawansa ne suka jefe shi. Wata mata mai suna Zenzi ce ta hura musu wuta, amma baiwarta ba ta dasa ƙiyayya a zuciyar da babu ita. Abin da ke kwance take tayarwa. Wannan shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya: fushin mutanen na gaske ne, ko da mai zuga su yana da tasa manufa.

Marubucin, Ta-Nehisi Coates, ɗan jarida ne Baƙar fatar Amurka, sananne wajen rubutu kan tarihin bauta da wariyar launin fata, kuma wannan ne littafin zane na farko da ya rubuta. Fitowar farko ita ta fi kowane littafin zane ciniki a Amurka a watan Afrilun 2016. Brian Stelfreeze ya zana fitowa huɗu na farko, Chris Sprouse ya karɓa, Laura Martin ta yi kala. Ka tsaya a kan hannun Stelfreeze. Yadda yake sarrafa baƙi, sai ka ga jarumin ya narke cikin duhu, ido da layin rigar kawai ke haske. Na daɗe ina kallon wurin da hular fuskar ke rufe shi da kanta, kamar inuwa tana hawa bango.

Abin da ya sa na miƙe zaune a daren farko kuwa shi ne taswirar ƙasar. Babban birnin sunansa Birnin Zana. Ga Birnin Azzaria, ga Birnin T'Chaka, ga Birnin Bashenga. Birni dai namu na Hausa, da “n” ɗinsa na mallaka, kamar ka ce Birnin Kebbi ko Birnin Ƙonni. Sannan ana yi wa T'Challa laƙabi da Damisa-Sarki. Na kira uwargida na nuna mata, ta karanta sau biyu, ta ce ai in Bahaushe ne zai ce Sarki Damisa. Gaskiyarta, jerin kalmomin ba namu ba ne, kuma an cakuɗa su da na wasu harsunan Afirka. Duk da haka na ji daɗi har raina da na ga harshenmu a bakin fadawan Wakanda.

To, a kan maganar sarauta ne nake ganin mu mutanen Sakkwato za mu fahimci littafin fiye da yaron da ke karanta shi a Amurka. Su sarki a tatsuniya suka san shi. Mu kuwa mun tashi muna ganin fada, mun san hakimi da uban ƙasa da mai unguwa, mun san nauyin rawani. Mun kuma tashi a garin da aka kafa bisa tambayar da littafin yake yi, wato mene ne haƙƙin talaka a kan mai mulki. Ba ina haɗa littafin zane da rubutun magabata ba ne, Allah ya kiyaye, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Amma wanda ya san Shehu Usmanu ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, kuma Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa masu mulki iyakarsu, ba zai ji tambayar baƙuwa ba.

Dubi yadda aka raba 'yan tawayen. Akwai Tetu, wanda ya fara da kukan gaskiya ya ƙare da haɗa kai da baƙi masu kuɗi da tayar da bam a cikin jama'a. Akwai Aneka da Ayo, dogarai mata daga cikin Dora Milaje. Aneka ta kashe wani basarake da ke keta mutuncin 'yan matan ƙauyensa ba mai tsawata masa, fada ta yanke mata hukuncin kisa, kuma uwar sarki Ramonda ta ƙi sassautawa don kada doka ta karye. Ayo ta fasa kurkuku ta fitar da ita, suka koma kare matan karkara da fada ta manta da su. Wa ke da gaskiya a nan? Na juya abin a raina kwana da kwanaki. Sai kuma Changamire, tsohon malamin jami'a, wanda ya koyar da cewa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe al'umma ba, ya wayi gari ɗalibinsa Tetu na zubar da jini da sunan karatunsa. Zaman da T'Challa ya yi da wanga dattijo, su biyu suna magana cikin littattafai, ya fi mini duk wani faɗa da ke cikin kundin uku. Sarki ya je da kansa wurin malamin da ke sukarsa, ya faɗi laifinsa, ya nemi taimako.

In ba ka son a ɓata maka ƙarshe ka tsallake wannan sakin layi. Ba a tuɓe sarki ba, amma an amince a rubuta tsarin mulki, jama'a su zaɓi masu gudanar da ƙasa, sarki ya zama uba mai haɗa kan kowa. Da na kai nan sai na tuna hirar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kan yadda aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Mu mun rayu cikin abin da ya biyo bayan irin wannan yarjejeniya, da daɗinta da ɗacinta. Shi ya sa na ga marubucin ya yi gaggawa a nan, ya warware cikin 'yan shafuka abin da ke cin al'umma shekaru.

Yana da wasu aibobin. Magana ta yi yawa a fitowar farko-farko, har akwatunan rubutu na danne zanen, alamar mutumin da ya saba da dogon sharhi bai gama sabawa da barin hoto ya yi magana ba. Faɗace-faɗacen gajeru ne, wasu ba su da armashi. Tafiyar Shuri a Djalia, duniyar da ke adana tarihin kakanni, inda ake ba ta labaru ɗaya bayan ɗaya kamar tatsuniyar dare, ni ta burge ni ƙwarai, amma na san waɗanda suka gaji da ita. Turancin ma mai nauyi ne, ka ajiye ƙamus kusa.

Akwai kuma abin da amana ta sa dole in faɗa maka, tunda ka ce kana da ƙanne a gida. Marubucin ya sanya soyayya tsakanin Aneka da Ayo, a fili yake tun fitowar farko. Akwai kuma wuraren da aka nuna mata a tsare hannun 'yan fashi, da bautar Bast, abar bautar mutanen ƙasar, da sauran abin da suka ƙirƙira na addinin Wakanda. Littafin manya ne. Ni nawa suna cikin akwati, ɗiyana ba su kai gare su ba tukuna.

In jarumtaka da raha da dabarar sarki mai shiri tun kafin abokin gaba ya motsa kake nema, nemi na Christopher Priest na 1998, wanda ya kai fitowa 62. Shi ya ƙirƙiro Dora Milaje, kuma fim ɗin 2018 ya ɗebi abubuwa da yawa daga gare shi. Na Reginald Hudlin na 2005 ya fi sauƙin shiga, a nan Shuri ta fara fitowa. Na 2018 kuwa, duk da Coates ne ya rubuta, ka bar shi sai daga baya, don ya kwashe labarin ya kai sararin samaniya, zai ruɗa wanda bai karanta na 2016 ba.

Kada ka sayi fitowa ɗaya tilo, kundi ukun za ka nema, kuma na farkon yana ɗauke da labarin 1966 a bayansa, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A shagunan littattafan garin nan ban taɓa cin karo da su ba, sai dai saƙo daga Abuja ko Legas, ko ka biya ka karanta a manhajar Marvel Unlimited. In kana cikin gari, yi mini magana ta akwatin sirri mu haɗu bayan sallar Juma'a in ara maka na farko. Bangon ya ɗan tattare saboda ɗaukar da ya sha, amma shafukan duk suna nan. Ka gama shi ka dawo mu yi maganar hukuncin Aneka, don har yau ban sami wanda muka zauna muka tattauna shi ba.