Amsa ga mai tambaya kan hutun Durga Puja a Kolkata

Ƴar'uwa, kin ce makarantarku a Kolkata, ƙasar Indiya, ta ba da hutun Durga Puja, kina son sanin mene ne bikin da abin da za ki tarar a gari. Na yi karatu a birnin, kuma haya na zauna a gidan wasu mutanen Bengal mabiya addinin Hindu, don haka a gabana aka riƙa yin hidimar.

Durga abar bautarsu ce, mace mai hannu goma a kan zaki. A ruwayarsu ita ce ta kashe Mahishasura, wani azzalumin dodo mai siffar ɓauna da ya gagari kowa. Wannan shi ne bayanin da za ki fara ji, wato gaskiya ta yi halinta a kan zalunci. Amma uwar gidan da na zauna ba ta nan take kallon abin ba. A wurinta Durga ɗiya ce da aka aurar nesa, can dutsen Kailash gidan mijinta Shiva, take zuwa ganin gida sau ɗaya a shekara tare da ƴaƴanta huɗu, Lakshmi da Saraswati da Ganesh da Kartik. Shi ya sa ake ɗinkuna, ake gyaran gida, waɗanda ke aiki a Mumbai ko Landan suke rububin tikitin dawowa. Idan kika riƙe wannan, sauran abubuwan duk za su yi miki ma'ana.

Bikin na faɗowa a watansu na Ashwin, tsakanin Satumba da Oktoba, kuma cikin kwana gomansa, biyar na ƙarshe su ne zuciyarsa. Kafin a fara, ki leƙa unguwar Kumartuli a arewacin birni. Masu ginin yumɓu na ɗaure gora da ciyawa, su shafe da lakar kogin Hooghly har siffar mutum-mutumin Durga ta fito. Ido ake bari ƙarshe, a al'adance ranar Mahalaya, wadda ke share fagen bikin, ake zana shi. Na tsaya bayan wani dattijo yana jan layin ido da siririn buroshi, ko numfashi ba ya yi sai ya kai ƙarshen layin.

Kowace unguwa kan yi karo-karo ta kafa rumfarta, wasu rumfunan sai ki rantse ginin dutse ne, alhali gora ce da yadi. Wannan fasaha na cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2021. Da dare ana kaɗa manyan gangunan dhak, matasa na rawa da kaskon da aka kunna ɓawon kwakwa a ciki, yana hayaƙin turare. A mahaɗar rana ta takwas da ta tara akwai ibadar minti 48 da ake kunna fitilu 108.

Rana ta goma ce ta fi tsaya mini a rai. Matan aure kan shafa wa mutum-mutumin jar hoda a goshi, su sa masa alawa a baki, sannan su shafa wa juna, kafin a ɗauke shi zuwa kogi a nutsar. Uwar gidanmu kuka take yi na gaske, irin na uwar da ɗiyarta za ta koma ɗakin miji.

Maƙwabta za su kawo miki bhog, dafa-dukan shinkafa da wake da aka fara gabatarwa ga Durga. Idan addininki bai ba ki damar ci ba, ki yi godiya ki faɗi dalili cikin ladabi, ni ban ga wanda ya ji haushina ba. Ki cire takalmi inda kika ga ana cirewa. Ki kuma gama harkar banki da ta ofis tun da wuri, domin a kwanakin nan ana rufe tituna da yawa, cunkoson jama'a kuwa har asuba.